Tara Kalmomin Turanci Don Jarrabawar GRE

Wanda ya gama digirin farko, yana neman ƙarin ilimi a Amurka, sau da yawa akan nemi ya ci wata jarrabawa da ake kira GRE. An fara ta a 1936, hukumar ETS ta garin Princeton ita ke shirya ta. Sashenta na harshe tambayoyi 27 ne cikin minti 41, maki kuwa daga 130 zuwa 170. Nan ne ɗalibai da yawa kan yi tuntuɓe, gama kalmomin da ke ciki ba irin na hira ba ne.

Mu lura, tun 1 ga Agustan 2011 aka bar tambayar kishiyar kalma ita kaɗai. Yanzu jimla za a ba mu da giɓi, a jera kalmomi 6, mu zaɓi 2 waɗanda kowacce in ta shiga giɓin ma'anar jimlar ɗaya ce. Ashe haddar ƙamus ba za ta fisshe mu ba, sai mun san inda kalma take zama.

Dabara ta fari ita ce sanin saiwa. Mu da muka yi karatun allo mun san ilimi, da malami, da alama, duk daga tushe guda suka fito a Larabci. Haka Turanci ya yi aro daga Latin. Bene alheri ne, male sharri, saboda haka benevolent mai nufin alheri, malevolent mai nufin sharri. Loqui magana ce, daga nan aka sami eloquent, mai fasaha, da loquacious, mai surutu. Saiwa ɗaya ta buɗe mana ƙofa goma.

Amma fa a yi hattara, kama da wane ba ta wane. Enervate ta yi kama da energy, mutum ya zaci ƙara ƙarfi ne, alhali kuwa raunana take nufi. Sanction kuma baki biyu gare ta, ko yarda ko horo. Jimlar ce za ta raba gardama.

Ta biyu ita ce tilawa. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna a 1885 cewa yawancin mantuwa a sa'o'in farko take aukuwa, sa'an nan ta yi sauƙi. Alarammomi sun riga shi sani, shi ya sa ba a wanke allo sai karatu ya zauna. To, mu rubuta kalma goma kowace rana a 'yan katuna, kalma a gaba, ma'ana da jimlarmu ta kanmu a baya. Mu bi su gobe, da bayan kwana uku, da bayan mako. Wadda ta kuɓuce ta koma farko.

Ta uku, mu karanta jaridu da littattafai masu nauyi kullum, mu cinki ma'ana kafin mu buɗe ƙamus. Kalma goma a rana, cikin wata shida ta zama 1,800. Allah ya ba mu sa'a, amin.