Zaɓen Jami'a da Neman Tallafi ga Mai Son Ilmin Halayyar Ɗan'adam: Misali daga Ikara da Maƙarfi da Kudan

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe yana nazarin hali, shi ya sa ya ce hali zanen dutse ne, ya kuma ce labarin zuciya a tambayi fuska. Amma mayar da wannan nazari fanni na kimiyya bai daɗe ba. A shekarar 1879 ne Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajinsa a Leipzig ta ƙasar Jamus, a Nijeriya kuwa Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen wannan ilmi a 1964. Wannan maƙala za ta duba matsalar ɗalibin da ya fito daga ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan, yana son wannan fanni, alhali abin da gidansu ya dogara da shi bai wuce rake da tumatir da masara ba. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, kuɗin makaranta yakan riga tallafi zuwa, saboda haka jami'ar da ta dace da ɗalibi ita ce wadda gidansu zai iya ɗaukar nauyin shekararta ta farko.

2.0 Rassan Fannin da Inda Ake Koyar da Su

Kafin ɗalibi ya cika takardar JAMB, wajibi ne ya san reshen da yake nufi, domin hanyoyi uku ne da ake yawan rikita su.

Na farko shi ne ilmin halayya zalla, wanda ake karantawa shekara huɗu a cikin fannonin zamantakewa. Ana samunsa a Nsukka da Legas da Ibadan, a Arewa kuwa Jami'ar Jos ta daɗe da suna a kansa. Wanda yake son duba marasa lafiya a asibiti sai ya ƙara da digiri na biyu.

Na biyu shi ne ilmin halayyar mai koyo da ba da shawara, wanda yake ƙarƙashin tsangayar ilmi. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da sashe musamman domin wannan reshe a Samaru. Wanda ya bi nan yakan zama malami ko mai ba ɗalibai shawara.

Na uku shi ne likitancin ƙwaƙwalwa, irin aikin da ake yi a asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Wannan sai an gama karatun likita tukuna.

Duk reshen da aka zaɓa, a tabbata Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da kwas ɗin a wannan jami'a, a kuma duba darussan da ake bukata, gama ban da Turanci da lissafi wasu jami'o'i sukan nemi ilmin halittu.

3.0 Gurbi da Lissafin Kuɗi

Jami'o'in tarayya sun saba raba gurabensu kashi uku: 45 bisa ɗari don cancanta, 35 don jihohin da ke yankin jami'a, 20 kuma don jihohin da aka bari a baya wajen ilmin boko, waɗanda Kaduna take cikinsu. Wannan yana sauƙaƙa wa ɗan Ikara shiga, amma ba ya biya masa ko kwabo.

A nan ne lissafi yake shigowa. Kuɗin rajista kashi ɗaya ne kawai na ɗawainiya. Akwai ɗaki da abinci da kuɗin mota da littattafai. Ɗalibin da ya fito daga Hunƙuyi ko Maƙarfi yana karatu a Samaru, zai iya zuwa gida ranar Juma'a ya komo da garin tuwo da daddawa da kuka, ya kuma taimaka a gona lokacin sarar rake. Wanda ya tafi Jos ko Ibadan, komai sai ya saya. Kuɗin rajista kansa ba ya tsayawa wuri guda: an ƙara na Jami'ar Jihar Kaduna a 2021, sa'an nan Gwamna Uba Sani ya rage shi daga naira 150,000 zuwa 105,000 a watan Agusta na 2023. Shi kuwa manomi, kuɗinsa na kaka ne, kuma farashin tumatir yakan faɗi daidai lokacin da ya yi yawa a kasuwa.

4.0 Ire-iren Tallafi

4.1 Tallafin ƙwazo. Ana ba da shi ne bisa sakamako, ba a duba talauci ko wadata. Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya ta saba neman ɗalibin jami'a ya kai aji biyu, kuma makinsa kada ya gaza 4.0 cikin 5.0. Ke nan ba a cinsa sai an riga an biya shekarar farko. Ban da haka, tallafi irin na asusun PTDF da na kamfanonin mai ya fi karkata ga injiniyanci da kimiyya, don haka mai karatun halayya kada ya sa rai da shi ƙwarai.

4.2 Tallafin bukata. Wannan na masu ƙaramin ƙarfi ne. A zamanin mulkin Malam Nasiru El-Rufa'i aka sake fasalin hukumar tallafi da rance ta Jihar Kaduna, ta ware na ƙwazo daban, na bukata daban, na naƙasassu daban. Shi ma akan neme shi ne da takardar shiga makaranta a hannu, kuma ta intanet ake cikawa. Ɗan ƙauye da dama ya cancanta amma ya rasa, domin sanarwa ba ta iso shi ba sai bayan an rufe, ko kuma sunansa a wata takarda ya saɓa da na wata. Ba a fafe gora ranar tafiya. A tanadi shaidar ƙaramar hukuma da lambar shaidar ɗan ƙasa da asusun banki tun ana aji shida na sakandare.

4.3 Rance. An sa hannu kan dokar rancen ɗalibai a 2023, aka sabunta ta a Afrilu 2024, asusun NELFUND kuma ya fara karɓar masu nema a watan Mayu na wannan shekara. Na ɗaliban makarantun gwamnati ne, ba shi da ruwa, ana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta kai tsaye, biyansa kuma yana farawa shekara biyu bayan hidimar ƙasa, da kashi 10 bisa ɗari na albashi. Gaskiya ne bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma mai ci ya tuna cewa wannan ba kyauta ba ce.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, tsarin da ya kamata a bi shi ne: a fara tantance reshe, a lissafta ɗawainiyar shekarar farko tare da iyaye, a zaɓi jami'ar da aljihu zai iya, sa'an nan a nemi tallafin bukata da zarar an shiga, a yi himma a aji ɗaya domin a cancanci na ƙwazo a aji biyu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wanda zuciyarsa ke kan ilmin halayya zalla amma ƙarfinsa bai kai Jos ba, babu laifi ya fara da Samaru ya kammala, ya fi ya tafi nesa ya dawo da rabin digiri.

A ƙarshe, mu ɗaliban Hausa muna da rabo a cikin wannan al'amari. Mai damuwa a Ikara ba zai bayyana ciwon zuciyarsa da Turanci ba, sai da kalmomi irin su ƙunci da firgita da waswasi da taɓin hankali. Ƙannenmu da suka tashi da wannan harshe su ne suka fi dacewa su saurare shi, saboda haka in mun je hutu mu kai musu wannan bayani tun kafin a fara sayar da takardar JAMB.