Yadda Ake Auna Nisan Kano Zuwa Jidda Da Wayar Hannu

Duk lokacin da maniyyata suka fara tashi, a garuruwa irin su Dambatta, Bichi da Makoɗa, mai babbar waya a gida shi ake sakawa a gaba da tambaya: ina jirgin Baba ya kai, yaushe zai sauka? Da yawa sai su buɗe Google Maps su nemi hanya daga Kano zuwa Jidda. Nan ne kuskuren farko, domin wannan wurin an yi shi ne don mota da ƙafa, ba zai ba da nisan sama ba.

Ga yadda ake yi. A nemo filin jirgin Malam Aminu Kano a taswirar, a ɗora yatsa a kansa har jan maki ya fito. A ja bayanin da ke ƙasa zuwa sama, a danna Measure distance. Daga nan a matse taswirar da yatsu biyu, a ja ta gabas har da'irar tsakiya ta sauka kan filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda. Adadin zai fito a ƙasan allo: kilomita 3,400 da 'yan kai, wato kusan ninki huɗu na Kano zuwa Legas ta sama. Idan Madina jirgin ya nufa, ya ɗan haura 3,500. Data kaɗan abin yake ci, ko a ƙauyen da sabis ke wasan ɓuya zai yi.

Sai dai wannan layin shi ne mafi gajarta a bayan ƙasa, ba lallai shi jirgi ke bi ba. A duba da kyau, ya ratsa Chadi, ya bi ta arewacin Sudan, sannan ya tsallake Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazan Najeriya suka yi zagaye. Tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, har kamfanonin jirage suka nemi ƙarin kuɗi a hajjin shekarar. Jirgin da ke gudun kilomita 850 a awa, awa huɗu zai yi a miƙaƙƙiyar hanya, ban da tashi da sauka. Da zagaye kuwa lissafin ya canza. Mai son ganin ainihin hanyar sai ya sa lambar jirgin a manhajar Flightradar24.

Abin da ya fi tayar da hankalin 'yan gida shi ne agogo. Saudiyya ta fi Najeriya da awa biyu, kuma lokacin sauka da ke jikin tikiti agogon can ne. In an rubuta ƙarfe 6 na safe, a Dambatta ƙarfe 4 na asuba ne. Kafin a fara kiran waya ana cewa shiru, a tuna akwai layin duba fasfo da jiran kaya, kuma Baba bai riga ya sa layin Saudiyya a wayarsa ba.