Darasin Turanci: Kawo Shawara, Karɓa Da Ƙi



Darasinmu na yau ya shafi abin da kuke yi kullum da Hausa ba tare da kun lura ba. Ka ce wa abokinka, "Mu je ƙwallo mana." Shi kuma ya ce "To," ko ya ce, "Kai, yau dai an aike ni." Ka kawo shawara ke nan, shi kuma ya karɓa ko ya ƙi. Turanci ma yana da nasa hanyoyi. Wanda bai san su ba yakan ɓata wa mutum rai ba da nufi ba, ko ya ɗauki alƙawarin da bai yi niyya ba. To, ku gyara zama.

1. Kawo shawara

Ga hanyoyi 4 da aka fi amfani da su:

Let's go to the library. Mu je laburare.
Shall we start now? Ko mu fara yanzu?
Why don't we read together? Me zai hana mu yi karatu tare?
How about meeting on Saturday? Ya ka gani mu haɗu ran Asabar?

Ku lura da kyau. Bayan Let's da Shall we da Why don't we, aikatau yakan zo tsurarsa, ba a sa masa to a gaba, ba a liƙa masa -ing a baya. Let's going kuskure ne. Amma bayan How about da ɗan'uwansa What about, aikatau sai da -ing.

Kalmar suggest kuwa ta ka da ɗalibai da yawa. Ba a cewa I suggest you to go. Sai dai I suggest that you go. Ku riƙe wannan, domin zai yi muku rana in kun zo rubuta wasiƙa a jarrabawar WAEC ko NECO.

Wani abu kuma: in aka ce maka Why don't you see a doctor? ba tuhumarka ake yi ba, balle ka shiga kawo dalilai. Shawara ce kawai, wato "Da ka je ka ga likita mana."

2. Karɓa

Wannan ba wuya. Kana iya cewa:

Good idea. Shawara ta yi.
That sounds good. Hakan ya yi kyau.
Yes, let's. E, mu yi.
Why not? Me zai hana?

Ta ƙarshen nan siffar tambaya gare ta, amma amincewa ce. Kada ka ji not a ciki ka zaci an ƙi.

3. Ƙi

A nan gizo ke saƙar. Mu Hausawa muna da kunya da kara. Mutum ya gayyace ka, ka san ba za ka ba, amma sai ka ce "To, sai na duba," shi kuma ya gane. In ka juya wannan "to" zuwa Okay, mai Turanci zai ɗauka ka amince. Zai tsaya jiranka, in bai gan ka ba ya ce ba ka da alƙawari. Alƙawari kuwa kaya ne. In kuma ka ce No tsurarta ka yi shiru, ka yi gatsali.

Mafita ita ce ka haɗa abu 3: tausasawa, dalili, sannan wata shawarar a madadin wadda ka ƙi. Dubi wannan hira:

Na ɗaya: How about studying at my house tonight?
Na biyu: I'd love to, but I have to help my father. Why don't we do it tomorrow?
Na ɗaya: Good idea.

Kun gani? Ya ce da ya so, ya faɗi uzurinsa na taya mahaifinsa aiki, ya kawo gobe. Ya ƙi, amma zumunci bai taɓu ba.

Ga wasu kuma:

I'm afraid I can't. Ayya, ba zan samu dama ba.
I'd rather not. Na fi son kada in yi.
Maybe another time. Sai dai wani jiƙon.

Afraid ɗin nan ba tsoro ba ne. Kamar "ayya" take, ko "yi haƙuri".

4. Magana da manya

Yadda ba ka ce wa mahaifinka "Tashi mu je," haka ba ka ce wa hedimasta Let's go. Ga babba sai ka ce May I suggest that we start at 8? ko Perhaps we could start at 8. Ka guji You had better, domin akwai ƙamshin gargaɗi a cikinta, kamar ka ce "Gara ka yi, in ba haka ba..." Malam zai iya faɗa maka ita, kai ba ka faɗa wa Malam.

Aikin gida

Na ɗaya, gyara waɗannan: Let's to eat. How about go home? I suggest you to rest.

Na biyu, abokinka ya ce Shall we play football after school? alhali an aike ka kasuwa. Rubuta amsar da ta ƙunshi abubuwa 3 da muka ambata.

Na uku, ka samu yayanka ko ƙanwarka ku yi hirar da baki, ɗaya ya kawo shawara ɗaya ya ƙi, sannan ku yi musaya. Harshe ba ya zama a littafi, sai an motsa baki.

Iyaye, ko ba ku jin Turanci, ku sa yaro ya karanta muku jimla ya fassara. In ya iya fassarawa, to ya gane. Ɗalibai kuma ku kai wa malaminku na Turanci amsoshinku ya duba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Allah ya ba da sa'a.