Mage Ce Ta Jawo, Ko Barin Magani?

Masu sauraro, wasiƙarmu ta gaba daga Gwaram ta fito. Wata baiwar Allah ce ke cewa yayanta yana ɗauke da cutar ƙanjamau, ya yi ta fama da ciwon kai, hannunsa na dama ya saki, har farfaɗiya ta kama shi. A Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu likita ya ce ƙwaya ce da ake samu daga mage. Tana tambaya, shin su kori magen gidan?

'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya, amma ki ƙyale mage. Ƙwayar sunanta toksofilasma. A hanjin mage take hayayyafa, ta fito a kashinta, ta shiga ƙasa da ruwa da ganyen lambu, tumaki da awaki su ci, ta zauna a namansu. Tsiren da tsakiyarsa ke da ja-ja ma hanya ce. Mutane da yawa sun haɗiye ta tun suna yara, ta kwanta a ƙwaƙwalwa shekara da shekaru, garkuwar jiki ta danne ta. Sai ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira CD4 sun faɗi ƙasa da 100 take farkawa ta kumbura ƙwaƙwalwa. Mai yiwuwa ƙwayar ta riga wannan magen zuwa gidanku. Abin da ya kamata ki bincika shi ne, yana shan maganinsa na ƙanjamau kullum kuwa? Da Septrin ɗin da ake haɗa masa?

Na san wani zai ce Septrin ai ɗan maganin tari ne. To, ga mai raunin garkuwa, ƙwayar Septrin ɗaya a rana ita ke tsare shi daga wannan ciwo. Wani kuma zai ce farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki aikin iska ne ko sammu. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma wannan ciwo yana jin magani: ana yin aƙalla mako 6 ana sha, galibi ana ganin sauƙi cikin mako biyu. Jinkiri ne ke kisa.

A kwashe kashin mage kullum, tunda sai ya kwana yake iya harbin mutum, kuma ba mara lafiyan ne zai kwashe ba. A gasa nama ya gasu, a wanke salak da kabeji. Ke kuma, don Allah ki tsaya a kansa kada ya tsallake magani ko da na rana ɗaya.