Gina Gidan da Zai Karɓi Tsufanka

Duk magidancin da ya ci kasuwar amfanin gona a Birnin Kudu ko Gwaram, abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne sayen bulo da kwano. Wannan abin yabo ne. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi wa birkila ba ranar da ake haƙa harsashi: shin mai gidan nan zai iya zama a cikinsa idan ya kai shekara saba'in, gwiwa ta ƙi, ido ya yi rauni?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1, kuma za su kai biliyan 2.1 a 2050. Ita ce kuma ta ce faɗuwa tana kashe mutum kusan 684,000 kowace shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne abin ya fi ci. A Najeriya an sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018. A Japan kuwa, inshorar kula da tsofaffi da aka fara a 2000 har kuɗin gyaran gida take biya, a sa wa tsoho abin dafawa ko a rage masa tudu. Mu ba mu da irin wannan, kuma kai iyaye gidan ajiye tsofaffi abin kunya ne a wajenmu. Ashe ke nan gidan da muka gina shi ne zai ɗauki nauyin gaba ɗaya.

Magina na da sun san abin da suke yi. Ɗakin tubali mai kaurin bango da rufin azara yana riƙe sanyi a bazara, yana riƙe ɗumi da hunturu. Zaure kuma ya fi gaban wurin karɓar baƙi: nan dattijo yake zama, masu wucewa su gaishe shi, a kawo masa sulhu, ya ji labarin gari. Tsohuwa tana da ɗakinta a tsakar gida, jikoki na shiga suna fita. Amma kada mu yabi tsohon gini fiye da kima. Dokin ƙofarsa yana da tsayi, ɗakin da duhu, masai kuma can ƙuryar gida yake, sai an tsuguna. Tsoho nawa ne ya karye a hanyar kewaye da asuba, buta a hannu?

Sabon gini ya gyara wasu, ya kawo nasa. Kwano ba silin yakan mai da ɗaki tanda a watan Afrilu, kuma zafi ya fi wahalar da tsoho, balle mai hawan jini. Tayil mai sheƙi, da zarar ruwan alwala ya zuba a kai, sai santsi. Wasu kuma, don a ce sun waye, sukan soke zaure su sa ƙofar ƙarfe da doguwar katanga. Dattijo ya wuni shi kaɗai a ciki, ba mai leƙo shi.

Ga inda maganar ta fi wuya. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun rushe gidajen ƙasa masu yawa a Jigawa, saboda haka mutane suka koyi ɗaga daɓe sama da ƙasa. Daidai ne, ba mai cewa a daina. To amma daɓe mai tsayi yana zuwa da matakala masu tsayi, ga shi ƙafar da ke fama da sanyin ƙashi ba ta son hawa. Maganinsa shi ne a yi gangara mai sauƙi a gefe guda: duk tsayin taƙi ɗaya, a ba shi tsawon taƙi 12, a bar simintin da kaushi, a kafa ƙarfen dafawa. Inda fili ya ƙi, a yi matakala gajeru masu faɗi. Ƙofar ɗaki da ta bayi su kai kusan santimita 90, don keken marasa lafiya ya shige. Wanda ya taɓa dawo da mai shanyewar ɓarin jiki daga babban asibitin tarayya na Birnin Kudu, ya tarar keken ya ƙi shiga ɗaki, ya san amfanin wannan.

A ware ɗaki ɗaya kusa da tsakar gida, mai tagogi biyu masu kallon juna don iska, da bayi a jikinsa. Yau saurayi ne zai kwana a ciki, ko a ajiye buhunan gero. Gobe na Baba ne ko na Inna. Masai na zama ba sai na kanti ba, birkila zai iya ɗaga shi da bulo. Fitila mai aiki da hasken rana a hanyar kewaye ba ta kai kuɗin ɗaurin karaya ba. A bar bishiya a tsakar gida, a bar dakali a ƙofa.

Hukuma ma tana da nata. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashiginsu, wa'adin kuma ya wuce. Ya kamata ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram su fara da asibitocin unguwa da kasuwanni, kwamitocin masallatai kuma su duba matakala da wuraren alwala, domin tsofaffi ne suka fi cika sahun farko.

Kai kuma mai shirin gini, kafin a aza bulon farko, ka kira birkila ku zauna tare da mahaifinka ko mahaifiyarka, su faɗi abin da ke ba su wahala a gidan da suke ciki yanzu. Gyara a kan takarda kyauta ne, fasa bango kuwa sai da kuɗi.