Matuƙin da Aka Kora Don Ya Ce Jirgi Ya Cika

Duk wanda aikinsa ya shafi lafiyar sufuri a bakin Kogin Kwara, daga Shanga zuwa Yalwa har Wara ta ƙasar Ngaski, ya san wata magana da ake yi ƙasa-ƙasa a tashoshin jirgin ruwa: wai wane ya cika tsoron ruwa, shi ya sa aka karɓe masa jirgi. In ka bi diddigin zancen, sau da yawa za ka tarar mutumin da ake nufi a ruwa ya buɗe ido, ubansa da kakansa ma da filafili suka ci abinci. Laifinsa shi ne ranar kasuwa ya dubi gefen jirgi, ya ga abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin katako bai kai kamu ɗaya ba, ya ce ba za a ƙara buhu ko babur ba. Mai jirgi ya lissafa abin da ya rasa a wannan sawu, ya ce masa ya sauka, masu neman aikin suna da yawa. Jama'a kan ɗauki wannan a matsayin rigimar maigida da yaronsa, wadda babu ruwan kowa. A ganina kuskure ne babba. Ƙin da matuƙi ke yi shi ne shinge na ƙarshe tsakanin fasinja da ƙasan ruwa, kuma mu da kanmu muka mai da wannan ƙin abu mafi tsada a tasha, tunda wanda ya yi shi kan koma gida da hannu rabbana.

A dubi abin da ya faru ranar 26 ga Mayu, 2021, a kusa da Wara. Jirgin katako da ke zirga-zirga tsakanin Jihar Neja da Jihar Kebbi ya rabe a tsakiyar ruwa da mutum fiye da 150 a ciki. Hukumomin yankin sun ce bai kamata ya ɗauki fiye da mutum 80 ba, ga babura, ga buhunan ƙasar da aka haƙo daga wurin neman zinariya. Kimanin mutum 20 aka ceto, aka yi kwanaki ana tsamo gawawwaki. A watan Yuni na 2023 jirgin 'yan biki ya kife a yankin Patigi ta Jihar Kwara, sama da mutum 100 suka rasu. A Oktoban 2023 wani jirgi da ya taso daga ƙaramar hukumar Agwara zuwa kasuwar Yauri ya nutse, a Oktoban 2024 kuma aka yi na Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa, da mata da yara masu dawowa daga Maulidi. Abin da ya kamata a lura da shi a duk jirgin da nauyi ya kayar shi ne, lodi ba ya faruwa cikin ƙiftawar ido. Ana ɗaukar lokaci ana yin sa, a gaban ɗan kamasho da yaran jirgi da masu sayar da soyayyen kifi. Akwai wanda ya ga jirgin yana nutsawa kaɗan-kaɗan tun yana ɗaure a gaɓa, ya san abin da hakan ke nufi, ya auna bakinsa da abincin iyalinsa, ya yi shiru.

Me ya sa maganar matuƙi ta fi ta kowa nauyi a nan? Saboda ruwanmu ba irin na kaka da kakanni ba ne. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye gonaki da garuruwa da gungu-gungu, aka tashi dubban mutane, har da Gungawa da mutanen tsohuwar Bussa. Tafkin da ya samu ya kai kusan kilomita 130 a tsawo, faɗinsa a wani wuri ya haura kilomita 20. Itatuwan da ba a sare ba kafin ruwa ya hau suna nan tsaye a ƙasa, kututturansu na ɓuya in ruwa ya cika, su matso kusa da sama in ya janye. Faɗin tafkin kuma ya ba iska filin da za ta tara taguwa, musamman a farkon damina lokacin da hadari ke tasowa ba sallama. Jirgin da gefensa ya yi sama sosai yana iya cin karo da kututture ya jure har a kai gaɓa, ko taguwa ta mare shi ya miƙe. Wanda aka danne da kaya kuwa taguwa ɗaya ta ishe shi, kuma da zarar ruwa ya fara shiga, fasinjoji suka ruga gefe guda, magana ta ƙare. Matuƙi ya san wane katako ne ya fara ruɓewa, ya san inda aka toshe da auduga da kwalta a makon jiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai a wannan sana'a mai ɗakin na gaskiya, wato wanda ke kwana a cikin jirgin, ba shi ke da ikon cewa a'a ba.

Masu jirage suna da hujjarsu, kuma ba daidai ba ne a yi kamar ba a ji ta ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, kuɗin man sawu ɗaya ya ninka, kayan gyaran inji sun yi tashin gwauron zabo, katako ma haka. Fasinja kuwa talaka ne, ba ya iya biyan ninki. Ranar kasuwa ce kaɗai ake samun cikowa, sauran ranaku jirgi kan tafi rabi. Mai jirgi zai ce in bai cika shi maƙil a ranar ba, da me zai rufe asarar mako? Tambaya ce ta gaske, amma amsarta tana wajen ƙungiyar masu jirage, wadda za ta iya daidaita kuɗin fasinja da tsarin layi, ta hana wani ya karya farashi da yawan lodi. Abin da ake yi yanzu shi ne a ɗora wa matuƙi balas ɗin da ba zai fita ba sai da lodin wuce kima, a kuma biya ɗan kamasho gwargwadon kawunan da ya shigar. Wanda ya tsara biya a haka ya riga ya ba da umarnin yin obalodi ko bai buɗe baki ba. Sa'annan lissafin kansa gurgu ne: ribar ƙarin fasinja talatin a sawu ba ta kai kuɗin jirgi da inji da za su tafi ƙasan ruwa a rana ɗaya ba, balle rayuka.

Sai hujja ta biyu, wadda ita ce ta fi karya wa mutane gwiwa. Za a ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma in ka ƙi tuƙawa wani zai tuƙa, jirgin dai zai tashi, kai ne kawai ka yi asara. Rabin wannan magana gaskiya ne, domin ƙin mutum ɗaya ba ya tsayar da jirgi. Tarihin Ingila ya nuna inda mafita take. A ƙarni na 19 masu jiragen ruwa a can suna danna wa tsofaffin jirage kaya, su yi musu inshora mai tsoka, in sun nutse ba su yi asara ba. Ma'aikacin da ya sa hannu sa'annan ya ga halin jirgin ya ƙi shiga, doka ta ba da dama a ɗaure shi, kuma an ɗaure da yawa. Wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya yi shekaru yana faɗa a kan haka, har aka yi dokar 1876 wadda ta wajabta zana layi a jikin jirgi, wanda in ruwa ya rufe shi an yi lodin da ya wuce ƙa'ida. Da farko masu jirage ke zaɓar inda za su zana, sai daga baya hukuma ta karɓi ikon ƙayyade wurin. Har yau manyan jiragen duniya suna ɗauke da wannan alama. Hikimar layin ita ce ya ɗauke gardama daga bakin ma'aikaci ya mai da ta jikin katako. Ba sai yaro ya tsaya yana musu da maigidansa a kan ko jirgi ya cika ba; kowa na da ido.

A takarda, Nijeriya ba ta bar irin wannan ma'aikaci a banza ba. Tun 1994 ta amince da yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda sashenta na 13 ya ce a kare ma'aikacin da ya janye daga aiki saboda yana da dalilin ganin hatsari babba na gab da afkuwa. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta ce a ba ma'aikacin da ta shafa bayanin sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku, ta kuma tsara wa'adin sanarwa kafin sallama, daga kwana ɗaya ga sabon shiga har wata guda ga wanda ya shekara biyar. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin duba rashin adalci a wurin aiki. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ta hana lodin wuce kima da tafiyar dare, ta wajabta sa rigar kariya, ita da HYPPADEC, hukumar raya yankunan madatsun wutar lantarki, sun kuma raba irin waɗannan riguna a garuruwan bakin ruwa. Amma matuƙin da ba shi da takardar ɗauka, wanda da baki aka ba shi jirgi da baki aka karɓe, wace kotu zai nufa, da kuɗin wa? Tsarin tona asiri da gwamnatin tarayya ta fito da shi a Disambar 2016 ma dukiyar gwamnati ya fi shafa. Jami'i kuma ba zai kasance a kowace tasha a kowace safiya ba. Rigar kariya tana rage mutuwa bayan jirgi ya kife. Mai hana shi kifewa shi ne mutumin da muke bari a kora.

Akwai masu cewa ai fasinjoji ne ke matsawa, kuma haka ne. Wanda ya ɗauko albasa ko shinkafa tun asuba ba ya son kasuwa ta ci ba shi, ga hanyoyin mota da suka lalace ko rashin tsaro ya sa ake gudunsu. Har gori ake yi wa matuƙi, a ce kai ne Allah da za ka san za mu nutse? Nan ne ake shigo da ƙaddara, kuma nan ne ya kamata malamanmu su yi magana a sarari a huɗuba. Kiyaye rai yana cikin abubuwa biyar da malaman fiƙihu suka ce shari'a ta zo don tsare su, kuma imani da ƙaddara bai taɓa sauke wa mai sakaci alhaki ba. Umarnin maigida ko nacin fasinja ba sa mai da ganganci halal. Mutanen Senegal sun ɗanɗana wannan a Satumbar 2002, lokacin da jirgin Joola, wanda aka ƙera don mutum ƙasa da 600, ya kife a gaɓar Gambiya da mutum kusan 2,000, fiye da 1,800 suka rasu. Jirgin gwamnati ne, mai tikiti da ma'aikata masu kaki. Kowa ya saba ganin ana cika shi, sabo ya sa aka daina gani.

Wani zai ce in aka ba ma'aikaci wannan dama, duk malalaci ko mai jin haushin maigidansa zai fake da ita. Wannan damuwa tana da tushe matuƙar abin ya tsaya a kan ra'ayi, shi ya sa nake nacewa a kan alama. Ƙungiyar masu jirage a Yalwa ko Wara ko Zamare ba ta bukatar jiran Abuja kafin ta sayi gwangwanin fenti. A zauna da jami'an NIWA da sarakunan ruwa da maƙeran jirgi, a gwada kowane jirgi, a ja masa layi a gefe biyu, a rubuta adadin mutanensa da manyan lambobi inda fasinja zai gani. A sake duba layin duk shekara, domin katako na tsufa. Sa'annan a kafa ƙa'ida guda: duk matuƙi ko yaron jirgin da aka sallama a kan layi, jirgin ba zai shiga layin lodi ba sai an saurari ɓangarorin biyu, shi kuma wanda aka sallama shi ne farkon wanda za a ba jirgi in gurbi ya samu, tare da ɗan tallafi daga asusun ƙungiya kafin nan. In bincike ya nuna layi bai nutse ba, wanda ya ƙi tuƙin ya sha tara. Masarautar Yauri, wadda ke tara dubban mutane a bakin ruwa don bikin Rigata, tana da martabar da in ta sa baki a irin wannan yarjejeniya ba mai jirgin da zai yi mata kunnen ƙashi.

Shi kuwa wanda abin ya riga ya faɗa wa, shawarar da zan ba shi ba ta da yawa. Kada ya tsaya cacar baki ko dambe a tasha, domin daga nan sai zance ya koma kan rashin kunyarsa a manta da lodin. Ya faɗi dalilinsa sau ɗaya a gaban mutum biyu da za su iya shaida. Ya rubuta rana da sawu da abin da aka ɗora, da boko ko da ajami, in yana da waya ya ɗauki hoton gefen jirgin kafin ya tashi. Ya nemi haƙƙinsa na kwanakin da ya yi aiki, wannan bashi ne ko da wane dalili aka rabu. Ya fara kai ƙara wajen shugabannin ƙungiya da sarkin ruwa, in ba a ji ba ya je ofishin NIWA na yankin, ya kuma faɗi sunan jirgin da tashar, saboda jirgin zai sake lodi a kasuwa mai zuwa.