Amsar Tambaya: Wane Gam Ya Fi Riƙe Katako?

Wani matashin kafinta daga Kazaure ya aiko yana tambayar gam ɗin da ya fi ƙarfi.

Aikin ne ke zaɓar gam. Ga kujera, gado ko ƙofar ɗaki, farin gam irin Top Bond ya wadatar. In aka goge katakon, aka ɗaure shi tamau ya kwana, sau da yawa katakon ne ke tsagewa kafin mahaɗar ta saki. Sai dai farin gam ba ya jure ruwa. Bencin da zai sha damina a ƙofar shago, Araldite mai haɗi biyu ya fi dacewa da shi.

Evo-Stik na liƙa fomeka ne, bai iya riƙe ƙafar tebur.